Sunan Mama Friday

Shekara goma sha biyu ina tsallake tsintsiyar Mama Friday kowace safiya, ina ce mata sannu da aiki, ban san ainihin sunanta ba. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne, a duk gidan adana kayan tarihin da muke aiki a Abuja, ni ce aka ɗauka musamman don in san sunan komai. Sunana Murja, 'yar Funtuwa ce ni, tarihi na karanta a jami'a. Ko fasasshen tulu aka kawo mana sai na buɗe masa kati, in rubuta garin da ya fito, da wadda ta gina shi, da wanda ya kawo, da ranar. Akwai wani tsohon ludayi a ɗakin ajiyarmu da na san sunan mai shi har da na kakarta. Sunan gidan namu kam ba zan faɗa ba, don laifin da zan ba da labarinsa nawa ne, bai kamata in shafa wa kowa kashin kaji ba.

Ginin kansa ya sha wuya kafin ya zama abin nunawa. A 1989 aka haƙa harsashinsa, lokacin da ake rububin gina sabon birni kafin gwamnati ta kwaso komatsanta daga Legas. Aka yi shekara huɗu ana aiki, ya kai hawa biyu, sai ɗan kwangila ya kwashe injinansa ya yi gaba. Shekara takwas yana tsaye ba ƙofa ba taga, rodi sun yi tsatsa, awakin unguwa sun mai da shi gidan ubansu, har wani durumi ya tsiro daidai inda ofishin darakta yake yanzu. A 2001 aka dawo da aiki, a 2004 aka buɗe shi da kiɗa da jawabai. Duk wannan na haddace shi, ina rattaba wa 'yan makaranta da baƙi masu yawon buɗe ido kamar karatun allo. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, matar da ke goge ƙasan da suke takawa ta riga ginin zuwa wurin.

Abin da na sani game da ita yanzu daga baya na tsinto shi, wani daga bakinta, wani daga bakin mutanenta. A Paikon Kore aka haife ta, can gaba da Gwagwalada, cikin mutanen da mu Hausawa muke kira Gwari, su kuwa suke ce wa kansu Gbagyi. Ubanta manomin doya ne. Ita ce babba a ɗakinsu, don haka lokacin da ƙannenta maza suka fara zuwa makaranta, ita doya take ɗauka zuwa kasuwa. Ta auri wani ɗan garinsu mai suna Bernard, mutum mai sanyin hali da ba ya son doguwar magana. Da labari ya zo cewa ana ɗaukar leburori a sabon birni, har manyan motoci na zuwa Gwagwalada suna kwasar mutane, sai su biyun suka hau. Bernard yana kwaɓa siminti, ita tana ɗaukar kankare a kwano tana hawa katako da shi zuwa sama.

A ranar farko ta samu matsala da shugaban leburori, wani Bakano mai faɗa. Matan garinsu ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa ne, can wajen bayan wuya. Ya ce ta aza kwanon a ka kamar kowa kada ta zubar masa da kankare. Ta ce masa a garinsu kai sarkin jiki ne, kuma ba a mai da sarki ɗan dako. Ya ce to in ta zubar ko sau ɗaya ta kama hanyar gida. Ba ta zubar ba, kuma kafin sati ya zagayo ta fi rabin mazan yawan sawu. A lokacin tana da cikin wata biyar. Wani rodi ya taɓa yankarta a idon sawun hagu, ta yagi gefen zanenta ta ɗaure, ta ci gaba da hawa. Ranar wata Juma'a ta haihu a rumfar kwanon da leburori ke kwana, aka sa wa yaron Friday, kuma tun daga ranar sunanta ya ɓace a bakin mutane.

Da aiki ya tsaya suka koma gona. Bernard ya rasu bayan ciwon kwana uku, ya bar ta da Friday da 'yan mata biyu, ta rene su da doya da itacen girki. Da ta ji an gama ginin za a buɗe, sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa kwana uku tana jiran mai kamfanin shara. Ta ce masa ita ta gina wurin nan, don haka ita ta fi cancanta ta share shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ɗauke ta. Kamfanin shara ya canza sau uku tun daga lokacin, kowane sabo ya zo ya gaje ta tare da bokitai. Ranakun aiki tana kwana a wurin Friday, wanda ya girma ya buɗe shagon tayoyi a kasuwar Gudu, ranar Juma'a da yamma kuma ta hau mota ta tafi gida saboda coci.

Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, mai baki. Tana gaishe da tukwanen da ke cikin gilashi da yarensu. Baƙon da ya jingina da gilashi kuwa, ko da babbar riga ya zo, sai ya ji daga gare ta. Ni kaina ban tsira ba, kullum tana ce min takalmina mai tsini yana kuka, in tausaya masa. Kafin hadari ya haɗu za ka ga ta jera bokitai a wurare huɗu a bene na biyu, kuma a nan ɗin ruwan zai ɗiga, don ta san inda Bakanon nan ya yi rowar siminti. Injiniyoyi sun zo sau biyu da na'urori suna neman inda rufin yake yoyo, babu wanda ya tambaye ta.

A 2012 aka turo ni gidan, kuma aikin farko da aka ba ni shi ne in cika bangon ƙofar shiga da tarihin ginin. Na yi sa'a iyalan wani injiniya suka ba mu tsofaffin hotuna. Wanda ya fi kyau a cikinsu shi na sa aka faɗaɗa, ya kusa tsawon mutum. Wata mace ce a kan katako, kwanon kankare a kafaɗarta ya rufe rabin fuskarta, bayanta layin maza kowa da nasa a ka. A ƙarƙashin sauran hotunan na rubuta sunan injiniya, da mai zanen gini, da babban baƙon da ya aza tubalin farko, har da sunan kamfanin da ya ƙera injin ɗaga kaya. A ƙarƙashin nata na sa ɗan allo da Turanci, "Unknown female labourer, 1989," wato wata leburiya da ba a san ko wace ce ba. Na ja da baya na kalli bangon, na ji a raina lallai boko ya yi rana.

Washegari da safe na tarar da Mama Friday tsaye gaban hoton, ta jingine sandar gugarta a bango.

"Hajiya, wannan mata ni ne," in ji ta. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

Na yi mata irin murmushin da ake yi wa tsoho in ya ce ya taɓa kokawa da kura. Sai ta ja wuyan rigarta ta nuna min kanta a kafaɗarta, baƙa, mai kauri kamar tafin ƙafa. Ta ɗaga zane ta nuna min tabo a idon sawun hagu, sannan ta nuna ƙafar matar da ke hoton. Ga tsumma nan ɗaure daidai wurin. Ni da na yi sati uku ina kallon hoton nan ban taɓa lura da shi ba. Sai ta sunkuya ta kalli ɗan allon.

"To me ya rubuta a ƙasa?"

Da na ce mata kuskure na yi, zan gyara, da shi ke nan, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ina sabuwar ma'aikaciya mai ji da digirinta, ga mai gadi yana jinmu, ga kunya ta rufe ni. Bakina ya riga hankalina.

"Sunanki ne, Mama."

Ta daɗe tana kallon allon. Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa.

"Ashe ka san sunana."

"Haba, Mama," na ce, na wuce ofis da sauri.

Wallahi na yi niyyar gyarawa a satin nan. Sai aka tura ni kwas Jos, na dawo aka shiga hidimar bikina, sai haihuwa, sai ƙarin girma, gobe ta yi ta haifar gobe. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu magana, ni kuwa na bari gini ya bushe. Ita kuma ta samo wani farin hankici ta keɓe shi, ba ta goge komai da shi sai ɗan allon nan. Kowace safiya sai ta hura masa iskar baki ta goge shi a hankali. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai na koma shiga ta ƙofar baya, ina cewa ta fi kusa da inda nake ajiye mota. Andrew mai gadi ya san gaskiya, wasu ma'aikatan ma sun sani, don tana gaya wa kowa an rubuta sunanta. Su dai su kalle ni su yi murmushi, babu wanda ya tona, babu kuma wanda ya ga abin ya kai a damu.

A watan Mayun bara ta shigo ofishina ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce gwiwoyinta sun gaji, Friday ya matsa ta huta, ƙarshen Yuni za ta ajiye aiki. Na fara jera mata addu'o'i, a raina kuma, Allah Ya yafe min, har da 'yar ajiyar zuciya. Sai ta ƙara da cewa a ranarta ta ƙarshe matan zumunta na cocinsu za su zo daga Paikon Kore, sun riga sun yi magana da mai bas. Shekara da shekaru tana ba su labari, wasu na cewa cika baki ne. Yanzu za su zo su ga sunanta da idonsu, su kuma ga Hajiyar da ta rubuta shi.

Sati biyar ke nan gare ni. Na ce a raina abu mai sauƙi, in buga sabon allo in maƙala. Na buɗe kwamfuta na aza yatsu, sai a lokacin abin ya faɗo min, ashe ban san abin da zan rubuta ba. Kuma ba ni da bakin tambayarta. Yaya za a yi wadda ta rubuta suna shekara goma sha biyu da suka wuce ta zo yau tana tambaya mene ne sunan?

Na shiga farauta kamar ɓarauniya. Littafin sa hannun masu shara na fara dubawa, na ga "Mama Friday" da dangwalen yatsa. Na kira mai kula da su a kamfani, ya duba takardarsa ya ce M. Friday ne a wurinsu, haka suka gada. Na tambayi Andrew a kaikaice, ya ce, "Madam, na Mama Friday all of us dey call am," wato kowa haka yake kiranta, yana danne dariya. Na sa lambarta a manhajar nan ta waya mai tona sunan mai kira, ta fito min da "Mama Friday Museum." Na ce mata ta kawo katin zaɓenta za mu yi mata takardar yabo. Ta ce katin yana ƙauye cikin akwati, kuma me zan yi da kati ni da na san sunan tuntuni. Na samo lambar Friday na kira shi, kafin in gama gaisuwa ya fara godiya, yana cewa mamansa ba ta da zance sai nawa, Allah Ya saka min da abin da na yi wa gidansu. Na ce amin, na ce dama gaisuwa ce kawai, na kashe wayar.

Daga nan na hau sama wurin ogana, Malam Umar Farouk, mataimakin darakta. Mutumin kirki ne, sai dai ya ɗauki ƙa'ida kamar farilla. Na gaya masa mun gano matar da ke hoton ƙofar shiga, ina neman izinin canza allon. Ya cire tabarau ya ce, "Murja, this is a museum. Ina hujja? Fuskar ma ba a gani." Na kawo zancen tabo da kantar kafaɗa, ya ce tabo ba takarda ba ne, kuma duk wani canji a bango sai kwamiti ya zauna. Da na ce Mama Friday ce, sai ya tambaya ko ita ce mai kawo masa ruwan zafi. Ya ce in rubuto a takarda, da cikakken sunanta, zai sa a fayil. Na ce to, yallaɓai, na sauko. Takardar ma ke nan ba ta rubutuwa sai da sunan.

Hanya ɗaya ta rage, kuma tun farko na san ta, in zaunar da ita in gaya mata gaskiya. Sau biyu ina zuwa da niyyar haka. Na farko na tarar tana goge allon da hankicinta tana 'yar waƙa, na juya. Na biyu na same ta a bayan gini lokacin hutu, kafin in buɗe baki ta ɓare gasasshiyar doya ta miƙo min da manja a murfin kwano. Na zauna a kan bulo na cinye, na ce ta yi daɗi, na tashi. A satin ƙarshe har takardar neman hutu na cike, oga ya dawo min da ita, ya ce an sanar da shi akwai baƙi ranar Juma'a, kuma ni ce mai zagayawa da su.

Wajen ƙarfe sha ɗaya bas ɗin ta tsaya. Mata goma sha tara suka sauko cikin anko, zane da ɗankwali iri ɗaya, ɗaya rungume da tulun da suke kaɗawa a coci. Tun daga bakin ƙofa suka fara waƙa. Mama Friday ta shige ɗakin masu shara ta fito cikin nata ankon, sai da na ƙara dubawa kafin in gane ta, don ban taɓa ganinta ba sai cikin shuɗiyar rigar kamfani. Ta kamo hannuna ta gabatar da ni ga sakatariyarsu, Jennifer, 'yar ƙaninta, malamar firamare a Gwagwalada. Sa'ata ce, da tabarau, da irin kallon malaman da ba a yi musu ƙaryar ciwon ciki. Na ba da shawarar mu fara da bene na sama mu gangaro, Mama Friday ta ce a'a, abin da ya kawo su yana nan ƙasa.

Suka yi da'ira gaban hoton. Ta nuna musu kafaɗa, ta nuna tsumman ƙafa, ta nuna cikin da Friday yake ciki, suna ta jinjina kai. Sannan ta ce Jennifer ta karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Jennifer ta sunkuya. Ina kallon leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake. Sai ta juyo ta dube ni. Da harara ce ma da na fi samun sauƙi, amma kallo ne kawai, na wadda ta gama fahimtar komai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta miƙe tsaye, ta gyara tabarau, ta ɗaga murya da Hausa.

"An rubuta, Christina Shekwonya Bernard, 'yar Paikon Kore, wadda ta ɗauki kankaren ginin nan a kafaɗarta, 1989."

Guɗa ta tashi har tantabarun rufi suka watse. Haka na fara jin sunan, a tsakiyar taro, daga bakin wadda take ƙarya don rufa min asiri. Akwai mata biyu ko uku a gaba da su ma sun iya karatu. Na ga ɗaya ta buɗe baki, ta kusa da ita ta taka mata ƙafa, ta rufe.

Mama Friday ta matso ta aza yatsa a kan kalmar farko, wadda ke cewa ba a san ta ba. Ta waigo tana dariya.

"Hajiya, nan ne Christina?"

Duk suka zubo min ido. Allah Ya sake ba ni dama a gaban shaidu goma sha tara, ni kuwa na sake yin abin da na iya.

"Nan ne, Mama."

Ta jawo ni gefenta, yatsanta na nan a wurin, matan suka kewaye mu, aka ba Andrew waya ya ɗauka. Bayan nan suka sa ni a tsakiya suka yi min addu'a irin tasu, ni da mijina da 'ya'yana. Wata ta fita ta dawo da doya bakwai manya ɗaure a kafaɗarta, ta sauke a gabana. Mama Friday ta yi ɗan jawabi. Ta ce oga nawa ne suka wuce ta gidan nan, masu kirki da marasa kirki, amma wannan yarinya ce kaɗai ta san sunanta. Na tsaya ina murmushi ina cewa ba komai. A rayuwata an zage ni, an kuma taɓa ci min mutunci a gaban mutane, amma ban taɓa jin ciwo irin na wannan godiya ba.

Da za su hau mota Jennifer ta tsaya a baya har sauran suka shige.

"Kin ji sunan, Ma?"

Na ce na ji.

"Ba don ke na yi ba."

Ta ciro biro daga jakarta, ta kama hannuna kamar na ɗalibarta, ta rubuta sunan a tafina, duka ukun. Ta hau mota ba ta waigo ba.

Ranar Litinin na buga sabon allo da ainihin kalmomin da Jennifer ta faɗa, da Hausa da Turanci. Na ari sukudireba wurin Andrew na kwance tsohon na ɗaura sabon, ban jira kwamiti ba. Minti goma aikin ya ɗauke ni, na duba agogo. Malam Umar Farouk yana wucewa ta gabansa sau biyu a rana, har yau bai lura ba, takardar da na rubuta masa daga baya kuma tana cikin fayil tana jiran zama.

A watan Agusta na ɗauki hoton bangon da sabon allonsa, na sa aka wanke shi aka saka a firam, na kama hanyar Paikon Kore. Na shirya maganata tun daga gida, zan ba ta hoton, in gaya mata komai, in nemi gafara. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, gwiwa ɗaure da tsumma. Ta yi murna, ta kira maƙwabta, ta sa aka dafa min doya, kuma a ranar ne ta ba ni yawancin labarin da na rubuta a sama. Ta tambaye ni wa yake goge sunanta yanzu. Na ce ni ce, kuma wannan karon gaskiya na faɗa.

Sai ta ja ni ɗaki in ga wani abu. A bango, tsakanin hoton Bernard da kalandar coci, ga hoton ranar nan, Friday ya sa an faɗaɗa shi. Wayar tana da kyau, komai ya fito raɗau. Ga ta tana dariya, ga ni a gefenta, ga yatsanta a kan kalmar, duk wanda ya yi aji uku zai iya karantawa daga bakin ƙofa. Na yi sauri na ciro nawa, na ce na kawo mata sabo wanda ya fi kyau, ta sauke wancan ta rataya wannan. Ta karɓa ta juya shi, ta kai shi wajen taga ta duba da kyau.

"Wannan ba kowa a ciki, Hajiya," ta ce, ta miƙo min. "Bar min nawa. Nan ne ni da kai da sunana."

Na haɗiye maganar da na shirya tun daga gida. Na karɓi hoton na mai da shi cikin jaka.